Maganin Sanƙon Malam Bashir

Har gobe ba zan manta da ranar da Malam Bashir na banki ya tuɓe riga a ƙuryar shagona ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo sana'ar sayar da magani daga baya, domin na ji wasunku suna cewa da an yi wa mai saye bayanin illa, shi ke nan an fita haƙƙinsa. Ban ƙi bayani ba. Amma ku saurara tukuna.

A shekarar 1975 ne, bayan gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya. Arzikin man fetur ya cika gari, kowa ka gani neman abin saye yake. Ni kuma ina da shagon kemis a Sabon Gari, wanda na kafa da gumina bayan na gama tallan ƙwayar ciwon kai a tire a tashar mota. Ga wanda bai sani ba, lasisin irinmu iyakarsa ƙananan magunguna: na zazzaɓi, na tari, da na shafawa. Allura da manyan ƙwayoyi sai mai takardar harhaɗa magani, kuma sufeto yakan zagayo ya duba kanta. Amma duk abin da aka kira man gashi ko turare, ba ruwan sufeto da shi. Ta wannan ƙofa kayan Alhaji Tanko suka shigo.

Alhaji Tanko ɗan sari ne a Fagge, yau ya kawo rediyo, gobe ya kawo sabulu. A wannan shekara ya shigo da wani man sanƙo daga ƙasar waje, a baƙar kwalba, da hoton wani Bature mai suma kamar zaki. Ya kawo mini in sara. Na tambaye shi me ke ciki. Ya ce, “Gashi ne a ciki.” Na ce ya kwashe kayansa.

A da, wa ya damu da sanƙo a Kano? Mutum ya je wurin wanzami a yi masa ƙwal, ya ɗora hula, babu mai sanin abin da ke ƙarƙashi sai matarsa. To amma aikin banki na lokacin ba ya son hula. Kwat ne da laktaye, kai a buɗe, ga samari sun fara tara suma suna ta taje ta. Malam Bashir mataimakin akanta ne, mutum mai ilimi da iyali, kuma tsohon mai sayen magani a wurina. Sanƙonsa ya taso daga goshi ya wuce tsakar ka, har ƙananan ma'aikata suna kiransa Filin Jirgi a bayan idonsa. Ya ji, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Ranar da nake faɗa muku, ya shigo da azahar cikin babbar riga, ana zafi kamar a gasa mutum. Ya ce, “Alhaji, mu shiga daga ciki.” Muka shiga inda nake ajiye kwalaye. Ya cire riga, ya ɗaga singileti. Nono ne sosai a ƙirjinsa, kamar yarinyar da ta wuce ƙirgar dangi, ya ce ko riga ta goge shi sai ya ji zafi. Ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa harkar iyali ma ta tsaya, har uwargida ta fara tambaya ko ta yi wani laifi. Abin da yake so in ba shi man da zai sa kumburin ya saɓe.

Na ce ya cire hula. Kan nan duk tsaga ne, layi-layi, wasu sun warke wasu ɗanye. Ashe da ya sayi man Tanko ya ga bai yi sauri ba, sai ya kai wa wanzaminsa. Wanzami kuwa ya yi abin da ya gada: in ana son magani ya ratsa jiki, tsagawa ake yi da aska a cusa. Haka ya yi ta tsaga masa kai yana ɗura man Turawa kamar garin saiwa, shi kuma in ya dawo daga ofis ya ƙara shafawa ya danne da hula. Gaskiya kuwa wani ɗan gashi-gashi ya fito, kamar na ɗan tsako.

Na kira maƙwabcina Mista Okoro, wanda ya yi aikin ba da magani a asibiti kafin yaƙin basasa, ya dawo Sabon Gari ya buɗe shago. Hausarsa ta fi ta wasu Kanawa. Ya duba ƙirjin, ya duba kan, ya yi tambayoyi. Ya ce, “Malam, irin waɗannan mayukan akwai sinadarin jikin mata a ciki. Ko a kan lafiyayyar fata aka shafa, wasu maza sukan gamu da wannan. Kai kuma ka buɗe masa ƙofa ya shiga jini. In ka daina yau, mai yiwuwa ya saɓe. In ka bari ya yi tauri, sai wuƙar likita.”

Malam Bashir ya ce, “To gashin fa?”

“Zai zube.”

Sai Malam Bashir ya ce shi dai a yi adalci, a ji ta bakin mai kaya. Mutumin da ke duba lissafin banki, nono a ƙirjinsa, yana neman a yi wa kwalba adalci! Na ce ya shiga mota.

Muka tarar da Alhaji Tanko a ƙofar shagonsa a Fagge bayan la'asar, majalisa ta cika, 'yan kwangila da direbobi da dillalai. Na so mu keɓe, ya ce ba shi da sirri da kowa. Na faɗa masa abin da Okoro ya ce, da murya ƙasa-ƙasa. Shi kuwa ya ɗaga tasa.

“Illa! Ku ji mini Alhaji da illa. Wane magani ne ba shi da ita? Allurar da ba ta zafi wa ya yarda da ita? Magani in bai girgiza jiki ba ai ruwan famfo ne.”

Na ce, “Girgiza daban, mayar da namiji mace daban.”

“Ƙiba ce! Duk wanda ya ci ariyas ya yi nono. Dubi direban nan, shi ma mai ya shafa?” Majalisa ta fashe da dariya. “Mutanen Sabon Gari baƙin ciki kuke don ba ku kuka kawo ba. Turawa da suka yi shi mahaukata ne?”

“Turawa wanzami yake tsaga musu kai?”

“Wannan kuma dabara ce da ba su kai gare ta ba.”

Na ce, “To Alhaji, cire hularka mu gani.” Duk Fagge an san kan Tanko kamar bayan ƙwarya yake, ga katan-katan na man a bayansa bai taɓa buɗe ɗaya don kansa ba. Ya dafe hular da hannu, ya ce, “Ni a banki nake aiki?”

Na juya ga Malam Bashir, na ce, “Ka ji da kunnenka.” Na ɗauka magana ta ƙare.

Sai wani ɗan kwangila ya ce, “Malam, don Allah mu ga kan.” Malam Bashir, wanda ɗazu ya kasa kallon idona, ya cire hula a tsakiyar titi ya sunkuyo. Suka taru a kansa. “Wallahi ya tsiro!” “Kai, ka ga wajen nan?” Wani har da shafawa. Babu wanda ya tambayi ƙirji, babu wanda ya tambayi gida. Ɗaya ya ce wane wanzami ne ya yi masa aikin, a wace unguwa yake. Na ga Malam Bashir yana murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ya matso kusa da ni ya ce, “Alhaji, kwalba ɗaya kawai. In cike gaban nan, sai in daina.”

Na ce, “Matarka fa?”

Ya ce, “Za ta yi haƙuri.”

Na shiga motata na bar shi a can.

Kafin sallah kayan Tanko sun ƙare ƙaf. Mutane suka riƙa zuwa shagona suna neman man nan da wai ni na ce yana da ƙarfi. In na ce ba na sayarwa, su ce ɓoyewa nake don manya. Wato zuwana Fagge talla na yi masa, kuma ko godiya bai yi mini ba.

Malam Bashir bai tsaya a kwalba ɗaya ba. Bayan damina ya ɗauki hutu, aka ce ya tafi ganin dangi, ashe wani asibiti ya kwanta aka yanke masa ƙirjin. Likita ya hana shi man, ɗan gashin ya kakkaɓe. Da ya dawo ya zo wurina sayen auduga da filasta, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na naɗe masa. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya rage murya, ya ce wai an ce akwai wani sabo da ya shigo daga Indiya, ko na ji labarinsa?

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba sa jin illa a matsayin gargaɗi, shaida suke ɗaukarta cewa maganin yana aiki. Namiji kuma ya fi tsoron dariyar abokan aikinsa a kan abin da zai same shi a cikin riga. Saboda haka ku yi bayani, wajibi ne, amma kada ku yaudari kanku cewa bayani yana hana saye. Abin da ka san zai cuci mutum, kada ka tsaya muhawara da shi a kai. Kada abin ya hau kantarka tun farko, in ya so mai saye ya zage ka ya tafi Fagge.