'Ya'yan Tautau Huɗu da Rezar Sa'adiyya

A ƙauyenmu da ke gefen Suki, idan aka sallame magariba aka share kwanon asida, tuwonmu na dawa, Habboba, kakata ta wajen uwa, takan sa a hura wuta da karan auduga a gaban rumfarta. Mu jikoki bakwai mukan zauna a ƙasa, ita tana kan angarib, gadonta na igiya, da 'yar sandar da take ƙwanƙwasa kan duk wanda ya yi gyangyaɗi. Ni ce na fi shan sandar, ba don barci ba, don yawan tambaya.

Wata rana muna zaune sai wani ƙaton tautau ya ɓullo daga bayan randa, faɗinsa kamar tafin hannuna. Muka watse da ihu. Yayana ya ɗauko takalmi.

"Aje takalmin nan, ɗan nema," in ji Habboba. "Ka san ɗiyar wa ce kaka son kashewa? Ku zamna. Ga wata nan tahe da ƙahwa takwas."

Muka ce, "Ta iso mu gani."

Ta ce wata uwar tautau ce ta taso daga yamma da 'ya'yanta mata huɗu, ta bi ayarin mahajjata. Uwar ba ta iya saƙa ba, farauta kawai ta sani, ita ta koya musu. Da suka iso bakin wannan kogi namu ƙarfinta ya ƙare, sai ta raba su. Babbar ta shige ƙarƙashin ɓawon bagaruwa a bakin ruwa, ta yi duhu kamar itacen. Ta biyu ta haura duwatsun Rusairis, ta yi toka-toka. Ta uku ta gangara filayen Jazira, ta yi fari kamar busasshiyar ƙasa. Autar kuwa ta ce ita ba ta rabuwa da mutane, shi ya sa take shiga buhu da kaya, har yau babu garin da ba ta kai ba.

Na ce, "To ta yaya za su gane juna, tunda kala ta canza?"

Sanda ta sauka a kaina, sannan amsa ta biyo. "Ba a duban riga, a dubi zama. Duk ɗiyar gidan ga a shimfiɗe take zama, ƙahwahu a gefe awa ƙaguwa. Ba ta da yana. Kyankyasai taka ci, cizonta bai wuce na ƙudan zuma ba. Wadda za ki ji tsoro ita ce 'yar baƙar nan mai ƙwallon ciki, mai rataye cikin yana. Wannan ba danginsu ba ce." Ta nuna bango da sanda, tautau ya riga ya tafi. "Ta koma bayan randa, tatsuniya ta bi ta."

Shekaru sun tafi, ni ma na zama Habboba. Bara, lokacin yankan riɗi, na bi ɗana da matarsa Sa'adiyya gonar da suke aiki a wajen Dindir, don in riƙa duba jaririnsu. Da la'asar na je ɗebo ruwa, sai na jiyo yaron ya tsandara kuka. Na dawo na tarar da Sa'adiyya ta ɗaure masa cinya da gefen mayafi, ta ɓare sabuwar reza. A wajensu haka ake yi, a tsaga wurin cizo a matse dafi.

Ta yi ihu da sunan da suke kiran tautau a wajensu, "Abu shabat ne, ya Hajja! Ga shi can a kan buhu! Ya ciji ɗana!"

Na ce, "Ajiye rezar."

"Wallahi dafin zai hau!"

"Na ce ki ajiye. Wata biyar gare shi, jinin nawa ne a jikinsa da za ki zubar?"

Na matsa na duba buhun. Tautau ce, a shimfiɗe take, ƙafafu a gefe, ta rungume farin ƙunshin ƙwai a ƙirji, babu yana ko zare ɗaya. Autar ce. Tun daga gida ta biyo mu cikin kaya. Na kwance ɗaurin, na tuɓe yaron tsirara, na bi jikinsa da yatsa. Babu kumburi ko'ina. Sai a matsematsinsa na ga cinnaka guda, ya kafa baki ya ƙi saki. Na cire shi na murje a gaban idonta.

Sa'adiyya ta dubi rezar da ke hannunta, ta zube ƙasa tana kuka da dariya a haɗe. Yaron ya kama nono ya yi shiru. Ni kuwa na zauna kusa da su.

Ban taɓa shiga aji ba. Abin da na sani na rarrabe halitta a bakin wutar nan na same shi, tare da ƙulun sanda. Da ina yarinya na ɗauka labarin tautau ne kurum. Sai da na ga danginmu a Sinja da Damazin da Jazira, wasu Hausar ma ta kuɓuce musu, amma in ga yadda suke durƙusawa su gaida babba in gane na gida ne, sannan na fahimci wa Habboba take nufi.

Ranar nan a gona, da Sa'adiyya ta ɗauko takalmi za ta nufi buhun, na ce mata ta ajiye shi, ta zo ta zauna. Cinyar jikana tana nan sumul, babu tabo.