Kunne Ɗaya Daga Kaktus ɗin Inna

Da Baba ya ajiye aikin ma'adini a Arlit, aka ce mu tashi daga gidan kamfani. Kaya duk mun ɗaure, abu ɗaya ne ya gagara: kaktus ɗin da Inna ta dasa bayan ɗaki kafin rasuwarta, mai faffaɗan kunnuwa kamar tafin hannu, duk ƙaya. Ya fi ni tsawo, ba kamiyon da zai ɗauke shi. Maƙwabciyarmu 'yar Abzin, wadda ta tashi cikin garka a Tchirozérine, ta ce ai kunne ɗaya ma in an dasa zai kama. Wayyo daɗi! Ban tsaya jin sauran bayani ba, na cika kwali da kunnuwa, ƙaya ta cika mini yatsu ban ko ji ba.

To Baba mutumin Maradi ne, jinin manoma. A wurinsa shuka ba ta da magani sai ruwa. Ranar da muka sauka sabon gida a wata unguwa cikin gari ya binne kunnuwan ɗanyu, kamar mai dashen rogo, ya dinga zuba musu ruwa jarka guda safe da yamma, har ruwan alwalarsa. Duk suka yi laushi, suka ruɓe, sai wari. Na ruga tsohon gida in ƙara yanko, na tarar sababbin masu gida sun sare kaktus ɗin sun ƙone saboda yaransu. Na dawo ina kuka, na ce da Baba ya kashe mana abin Inna. Ya dai sunkuyar da kai.

Sai wata rana zan ƙone kwalin, na ji abu a gindinsa. Kunne ɗaya da muka manta! Ya ƙanƙance, bakin yankan ya bushe ƙayau, ga 'yan fararen saiwoyi sun leƙo. Na yi tsalle har kallabina ya faɗi, na kwasa da gudu wurin maƙwabciyar. Ta yi dariya ta ce haka ake yi dama, sai an bar ciwon ya warke a inuwa tukuna, a sa cikin busasshen rairayi, a rabu da shi.

Na dasa, na kafa tsaro. Wallahi awaki ba su ba ni wahalar da Baba ya ba ni ba. In na ga ya nufi wurin da buta sai in tare gabansa, shi kuwa ya ce tausayi yake ji.

Da safiyar da ɗan sabon kunne ya ɓullo, kore shar, ihuna ya fito da Baba ba takalmi. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, butar na hannunsa. Sannan ya miƙo mini ita.

"Riƙe, ɗiyata," ya ce. "In tana hannuna zan zuba."