Rumfar Mama Ngonde

A Kiribi, daidai inda kogin Lobe yake faɗowa daga kan duwatsu ya zube cikin teku, nan Mama Ngonde take da rumfa a filin da babanta ya bari. Jatan lande take soyawa da tafarnuwa da barkono, ta haɗa da soyayyar ayaba. Baƙi kan sauko daga kwalekwale jiƙe sharkaf, ƙamshi ya jawo su har bencinta.

Ƙani ɗaya gare ta, Mpeke, wanda ta goya bayan rasuwar uwarsu. Da ya girma sai ya zama mai zagayawa da baƙi, ga baki kamar zuma. Wata Lahadi ya kawo wani mai ƙaton tumbi daga Yawunde.

"Yaya, yau ki nuna masa hannunki. Babban mutum ne."

"Da can ƙafata nake nunawa?" ta ce tana dariya.

Ta zaɓo manya-manyan jatan lande, ta soya. Mutumin ya ci har da lasar yatsa, ya ɗauke ta hoto, sannan ya yi ta zagaya filin yana kallon ruwa. Ita ta ɗauka cin ne ya yi masa yawa.

Damina na wucewa ma'aikata suka zo da wayar shinge da turaku. A bakinsu ta ji cewa an sayar da filin, otal za a gina. Ta iske Mpeke a mashaya.

"Da girkina ka yi cinikin filin Baba?"

"Haba Yaya, ci gaba ne fa. Na ma roƙa miki aiki a kicin ɗinsu."

"Ka roƙa mini. A filin ubana."

Ta kai ƙara wurin dattawan dangi, ashe da su aka yi.

Da otal ya buɗe, sai ga hotonta a ƙofar ɗakin cin abincin, tana murmushi da faranti a hannu. Mai gadi ya hana ta matsawa ta gani da kyau.

Yanzu a bakin hanyar tasha take suya, direbobi ne masu sayenta. Ta daina zuwa gaɓar tekun ko don wanka. Mpeke ya sha aiko matarsa da buhun shinkafa, ita kuwa sai ta sa ɗan acaɓa ya mayar masa da shi ko kwancewa ba a yi ba.