Tuwon ɗan abokin shari'armu

Shekarun baya ke nan, lokacin da korona ta kulle mu a ɗaki, ina digiri na biyu kan adabi, ina zaune a wani bene a Setapak, wata unguwa a ƙasar waje. A ɗakin da ke ƙasan nawa akwai wani ɗan garinmu da ba ma gaisawa. Mahaifinsa da nawa sun daɗe a kotu kan wata gona, mu kuma muka tsallako teku da fushinsu.

A cikin kullen nan mahaifina ya rasu. Babu jirgi, a waya na karɓi gaisuwa.

Washegari na tarar da tuwon shinkafa da miyar kuka a ƙofata, cikin robar tapau, irin wadda ake sayen abinci a tafi da shi a ciki. Mai gadi ya ce wannan ɗan garin namu ne ya ajiye. Na san gidan rasuwa maƙwabta ke ciyar da shi, amma daga wannan hannun? Da na faɗa wa mahaifiyata, ta ce ko ɗanɗanawa kada in yi, waɗanda suka sa wa mijinta hawan jini ba za su ciyar da ɗanta don Allah ba.

Ni da ma ba a raba ni da zargi. Na ce wataƙila so yake in saki jiki, in lallashi yayyena su janye ƙara. Wataƙila kuma barbaɗe aka yi. Da karatuna da komai, sai ga ni ina shinshinar miya. Kullum ya kawo, in zubar, in jiƙa taliyar leda.

Abin kunya, babin da nake rubutawa kan wata tsohuwar waƙar Girkawa ne, inda dattijo ya je roƙon gawar ɗansa wurin wanda ya kashe shi, suka yi kuka tare, makashin ya matsa masa ya ci abinci. A takarda kam na iya sharhin wannan.

Rannan na laɓe, na kama shi yana ajiyewa, na tambaye shi me yake nema. Ya ce ya daɗe yana ganin robobinsa a shara. Ya janye takunkumi, ya gutsuri loma ya haɗiye a gabana.

"Baba ne ya ce in tabbatar kana cin abinci, allo ɗaya suka yi da marigayi. Bai ce mun bar muku gonar ba fa, malam."

A tsaye na ci, da tazara tsakaninmu. Sai a lokacin kukan ya zo mini.

Ba zan ce mun zama abokai ba. Shari'a ta ci gaba, su suka ci. A waƙar ma, ana gama binne gawa yaƙi zai dawo. Ina jin dai na gane mutum zai iya ƙin ka, kuma ya ƙi ganin ka da yunwa.

Bayan mun dawo gida mahaifinsa ya rasu. Na sa aka yi tuwo, ina ta tunanin yadda zan fita da kular zuwa gidansu ba tare da mahaifiyata ta gani ba. A zaure ta tare ni, ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Ƙara man shanu," in ji ta. "Kada su ce mun yi rowa."