Tsohon da Muka Ɓoye a Ɗakin Katifu

Mun tashi da asuba daga Gumel a shekarar da aka janye fam da sule aka kawo naira da kobo, mutane na ta rigima a kasuwa kan canji. Mu biyu ne, ni da ƙanena. Shi ya gama kwalejin malamai ke nan, ya ce ba zai riƙe alli ba sai ya ga duniya, ya kuma gwada sa'ar ƙarin karatu a Madina. Ni kuwa na gama ajin yaƙi da jahilci, na rufe rumfata ta gyaran keke, na ce bari in raka shi in sauke farali. Kowa da jakar goyonsa da bargo da buta.

Guzurinmu ba zai biya masauki ba, saboda haka dabarar ƙanena muka bi. Duk garin da muka sauka sai mu nemi gidan baƙi, mu ce za mu yi aiki a ba mu wurin kwana. A Fallomi ta ƙasar Cadi shara muka yi. A Abeshe mun yi jigilar ruwa a kan jaki. Daga nan zuwa Jinena babu hanya, sawun motoci ne kawai cikin yashi, kuma in direba ya ji labarin 'yan tawaye ko fitsari ba ya tsayawa a yi. A Niyala muka hau jirgin ƙasa, a Bur Sudan muka wanke tukwanen wake har na daina son ganin wake. Da jirgin ruwa ya sauke mu a Jidda, na ɗaga kai in karanta allo da sabon bokona, sai na tarar duk Larabci ne. Ƙanena ya yi dariya har da riƙe ciki.

Allah ya nufa muka yi aikin hajji lafiya, sannan muka shiga bas zuwa Madina. Sanyi muka tarar, irin mai shiga ƙashi. Gari ne mai natsuwa, ko dillalai ba sa ɗaga murya kamar na Makka. Gurasa da shayi mai na'ana'a suna da araha, nama ne ba a taɓawa. Dabino kuwa, in ka bi ta wajen gonakin Ƙuba, sai a cika maka hannu kyauta.

A unguwar Anbariyya muka sami wani masaukin alhazai mai hawa uku. Mai gidan haifaffen Madina ne, amma kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina. Hausarsa rabi da rabi ce. Ya ba mu lungun ƙarƙashin matattakala, mu kuma mu share ɗakuna, mu wanke zannuwan gado, mu hau da ruwa sama. Tun ranar farko ya gaya mana gaskiya.

"Ya Hajj, bizarku ta hajji ce, ba ta shugul ba, yani ba ta aiki ba. In askar, ɗan sanda, ya gan ku da tsintsiya, halas, sai jirgi. Ni kuma ban san ku ba."

Wannan magana ta fi damun ƙanena. Wani malami ɗan ƙasarmu da ke koyarwa a garin ya yi masa alkawarin gabatar da shi a jami'a. In an ɗauke shi zai sami takardar zama. Abin da ya rage mana shi ne mu yi shiru, kada kowa ya lura da mu har ranar ganawar.

Akwai wata tawagar alhazai daga ƙasar Zazzau a hawa na biyu. Ranar da bas ya zo kai su Jidda, aka ƙirga, babu wani tsoho mai tari. Aka duba masallaci, aka duba asibiti, ba a gan shi ba. Bas ya gaji da jira ya tafi. Da hantsi washegari na hau can sama in ajiye katifun da suka tashi a kai, a wani ɗan ɗaki da ake tara su. Ina tura ƙofa na ga ƙafafun mutum a bayan tulin katifu.

"Baba, me kake yi a nan? Jirginku fa!"

Ya kama hannuna. Jikinsa zafi kamar wuta. "Ɗana, rufe ƙofar. Ba ɓata na yi ba. Wannan ƙirjin ba zai kai ni gida ba, na sani. In mutuwa ce, gara a nan, a sa ni a Baƙi'a kusa da Manzo. Kwana kaɗan kawai nake roƙo. Don Allah kada ka tona ni."

Duk wanda ya je Madina ya san wannan buri. Bayan kusan kowace salla ana sallar gawa, a ɗauke ta zuwa maƙabartar Baƙi'a da ke gefen masallaci, tsofaffi na binta da kallo kamar masu kallon wanda ya ci gado. Na dubi tsohon, na ga lalle ba zai daɗe ba. Na ce to.

Da na gaya wa ƙanena, sai da ya zauna a kan matattakala.

"Yaya, ka san abin da ka yi? Nemansa ake. Ranar da suka hau sama, mu za su fara kamawa."

"Kwana biyu ne, ka ji tarinsa."

"In ya mutu fa? Gawar a aljihu za ka sauko da ita?"

Na ce in lokacin ya zo za mu ce a nan muka tsince shi. Ƙanena bai yarda ba, amma bai kai ƙara ba.

Daga nan zaman gidan ya zama wani abu dabam. Nakan raba gurasata biyu, in sa rabi a cikin bokitin wanki, in rufa da zane in hau. Nakan sauko da bokitin bayan-gidansa a rufe kamar ruwan shara. Mutanen da ke kula da tawagar alhazai sun zo har sau biyu suna tambaya. A karo na biyun tare da askar suka zo, suka tsaya a zaure, ni ina lungu na tura tsintsiya ƙarƙashin tabarma da ƙafa. Mai gidan ya rantse musu cewa tsohon ba ya gidansa, kuma da zuciya ɗaya ya rantse.

Tarin ne babbar matsala. Gidan ya yi shiru bayan tafiyar alhazai, sauti na bin matattakala har ƙasa. Duk lokacin da tsohon ya fara, sai ni ma in kama tari da ƙarfi don in rufe nasa. Ran nan mai gidan ya tare ni.

"Ya Hajj, wannan kuhha taka ba ta da kyau. Kada ka mutu mini a gida."

Da yamma sai ga shi da kwalbar magani da ƙwayoyi daga kantin magani, har da zuma. Ya tsaya sai da na haɗiyi ƙwaya ɗaya a gabansa. Sauran na hau da su sama. Na ce wa tsohon na rage zafi ne, don ya samu ya yi salla cikin natsuwa. Ni ma abin da na ɗauka ke nan.

Sannu a hankali zazzaɓin ya sauka. Ya fara zama da kansa. Ya fara cinye gurasar yana duban bokiti ko akwai ƙari. Wata safiya na shiga na same shi a tsaye yana linke katifu, wai zaman banza ya ishe shi. Muka dubi juna. Shi ya fara ganewa.

"Me kake ba ni a cokalin nan?"

"Magani ne, Baba."

"Magani! Ni na ce maka magani na zo nema?"

Ya zauna ya rufe fuska da hannu. Ranar bai ci komai ba. Washegari ma ya ture kwanon. Na ce, "Baba, in ka kashe kanka da yunwa, ko a tsakiyar Baƙi'a aka sa ka, me za ka ce?" Sai ya jawo kwanon yana ci yana hawaye.

Ƙanena ya ce tunda ya warke, a kai shi ofishin alhazai a ce an gan shi a hanya. Ganawarsa saura 'yan kwanaki. Na je na roƙi tsohon, ya ce in ba shi zuwa Juma'a, ko Allah zai sake shawara. Na ce wa ƙanena mu yi haƙuri zuwa Juma'a. Ya dube ni kawai ya ci gaba da wanki.

Ba mu kai Juma'a ba. Ranar Laraba bayan la'asar ina sharar zaure, ƙanena na shanya a tsakar gida, sai na ga inuwa a ƙofa. Tsohon ne a tsakanin askar biyu, ƙura a gwiwoyinsa. Ashe ya ji kiran salla ya kasa daurewa, ya sulale ta bayanmu ya tafi masallaci. Da aka ɗauki gawa ya shiga cikin masu ɗauka har Baƙi'a, ya zauna a bakin kabarin ya ƙi tashi har aka zo rufe ƙofa. Da suka tambaye shi inda yake kwana, bai yi ƙarya ba.

Tsintsiya na hannuna. Ƙanena ya fito da jiƙaƙƙen zanen gado a kafaɗa. Mai gidan ya dubi tsohon, ya dube ni, ya ce, "Ashe kuhhar ba taka ba ce." Daga nan ya juya Larabci da askar, bai sake duban inda muke ba. Ban ga laifinsa ba.

Ba a dake mu ba, ba a zage mu ba. An sa mu a mota yadda muke, ko lungunmu ba mu koma ba. Ƙanena ya roƙa a bar shi ya aika wa malamin nan, aka ce a Jidda zai yi bayani. Muna fita gari tsohon ya juya yana kallon koriyar ƙubbar masallacin Manzo har ta ɓace. A Jidda aka ajiye mu a sansanin alhazai, babu wanda ya nemi wani bayani, har aka sami gurbi a jirgin da ke kwashe ragowar mutanenmu. Hawana jirgin sama na farko ke nan. Hanyar da ta ci mana watanni, kafin in gama jin tsoro an ce ga Kano.

Tsohon da ƙafarsa ya sauko, ko sanda babu. Na miƙa hannu in tare shi a matakala ta ƙarshe, ya janye.

"Bar shi, ɗana. Taimakon da ka yi mini ya isa."

Ya shiga cikin jama'a, ban sake ganinsa ba.

Mun iso Gumel da rana tsaka a bayan motar gyaɗa. Mutane suka taru ana ta "Alhaji, Alhaji", ana neman tsaraba, mu kuwa hannu biyu, ba komai a ciki. Na buɗe rumfata. Ƙanena ya karɓi aji a wata firamare ta ƙauye. Yana gaishe ni kamar yadda ya saba, amma ko sau ɗaya bai sake ambaton Madina a gabana ba.

Na ga ƙasashe, na ga cewa mai hannu biyu ba ya rasa wurin kwana a ko'ina. Na kuma koyi cewa in za ka ɗauki amanar wani a ƙasar da kai ma baƙo ne, ka fara tambayar wanda kuke tare, don tare za ku biya.

Abin da muka rasa ga shi: jakar goyo biyu, bargo biyu, buta biyu, da dabinon da na tara wa mahaifiyarmu. Ƙanena ya rasa karatun Madina. Tsohon ya rasa Baƙi'a.