Bakwai ɗin da aka tilasta wa Hauwa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Malam Sabo, malamin lissafi a wata makaranta mai zaman kanta a Sabon Gari. Bana ma na so in yi masa addu'a in yi shiru, amma raina a ɓace yake.

Mutum ne mai naci. Da la'asar zai shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu a Rijiyar Lemo, ya sa 'yarsa Hauwa ta raba ɗaya gida bakwai. Lambobi shida za su fito, 142857, su kuma dawowa. Ta raba biyu gida bakwai, su ne dai a jere, daga wani wurin kawai suka fara. Sai ka ga yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. Kalkuleta kuwa ba ta burge shi. Yakan ce in ka raba biyu gida uku, shida ce ke ta zuwa ba iyaka, bakwan da take liƙawa a ƙarshe gajiya ta yi.

Albarkacinsa Hauwa ke karatu kyauta a makarantar. Watan jiya sabon malaminsu ya raba biyu gida uku, ya rubuta amsar wayarsa a allo, har da bakwan, ya ce nan lissafin ya ƙare. Hauwa ta ce bai ƙare ba. Shi ke nan, wai ta yi rashin kunya.

Ni na raka ta wurin shugaban makarantar, wanda suka sha shayi kofi ɗaya da ubanta. Ya rufe ƙofa, ya ce, "Hajiya, yarinyar ta fi shi gaskiya. Amma ko ta ba shi haƙuri a gaban aji, ko ta nemi wata makaranta."

Wace makarantar, da wane hali? Ta ba da haƙuri. Ta ɗauki alli ta rubuta bakwan da hannunta, 'yan aji na dariya. Da Yaya na raye, wallahi sai an ji su shi da shugaban har Titin Ibrahim Taiwo.

Na ɗauka abin da ya bari a duniya yana cikin kan yarinyar nan, inda ba mai iya taɓawa. Jiya ƙaninta ya kawo mata aikin gida, ya tambaye ta amsa. Ko takardar ba ta duba ba.

Ta ce, "Je ka tambayi malaminku wacce yake so."