Na tare ƙanin mijina a tashar Titiwangsa

Kwanana goma sha biyu da shiga takaba, amma jiya sai da na fita. A tashar Titiwangsa, a nan ƙasar wajen da karatun mijina ya kawo mu, na cim ma Nura, ƙanin mijina, yana layin bas mai hawa dutse zuwa gidan caca. A jakarsa akwai gudummawar da ɗalibai abokan karatun marigayi suka haɗa mana ta tikitin komawa Kano, ni da yara. Abokin ɗakinsa ne ya kira ni.

Na riƙe jakar.

"Anti, wallahi lissafi ne. Faifai ake juyawa, ƙwallo ya faɗa gurbi ja ko baƙi. In na faɗi sai in ninka, in na sake faɗi in ƙara ninkawa. Ai dole ja ya zo. So nake ki koma da abin kama haya."

Na ce, "Nura, ni karatuna bai yi nisa ba. Amma Yayanka lissafi ya zo karanta, ya taɓa nuna min faifan nan a waya. Ya ce akwai gurbi ɗaya kore, in ƙwallon ya faɗa nan, da mai ja da mai baƙi duk sun tashi a tutar babu. Ya ce aljihun mutum kan ƙare kafin ninkin ya ƙare."

Layi ya matsa, Nura bai matsa ba. Ya miƙo min ambulan ɗin gudummawar yana hawaye, ya ce ya riga ya je sau ɗaya.

Har yanzu na kasa buɗewa.

Wanda ya taɓa janyo nasa daga wannan hanya, don Allah ya faɗa min yadda ya yi.